Bugun dutse da bugun tagulla: wanne ya fi nuna gidan talakan Amurka?

Malam, ka tambaya ko tsofaffin hotunan gidajen karkarar Amurka da ka gani, masu launi da marasa launi, aiki iri ɗaya ne, da kuma wanda ya fi kusa da yadda talakawa suka rayu a ƙarni na 19. Sun bambanta a hanyar aiki, sun kuma bambanta a mutanen da aka yi su dominsu.

Masu launin galibinsu na kamfanin Currier & Ives ne na birnin New York, wanda ya ci kasuwarsa har zuwa 1907 bayan ya fitar da hotuna fiye da 7,000. Bugun dutse ne: ana yin zanen da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen, tawada ta kama wurin maiƙon kaɗai. Launin kuwa da hannu ake sa shi, mata ne a jere, kowace da launinta guda, ta shafa ta miƙa wa ta gaba. Farashin ƙananan hotunan bai wuce santi 20 na dala ba, har 'yan talla kan yi yawo da su.

Marasa launin, waɗanda Turawa ke kira etching, sun fi wahalar yi. Mai zane yakan shafe farantin tagulla da kaki, ya ja layukansa da allura har ƙarfen ya bayyana, sannan ya tsoma farantin a asid domin ya ci wuraren da allura ta bi. Daga nan sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a matse shi da takarda mai danshi. Idan hoton ya zo hannunka, ka karkata shi ga haske: za ka ga shatin gefen farantin ya nutse cikin takardar, layuka masu duhu kuma sun ɗan tasa. Bugun dutse ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, kuma sau da yawa launinsa yakan tsallake layi saboda gaggawar masu shafawa.

Game da wanda ya fi gaskiya, a ganina bugun tagulla ne, amma da sharaɗi. Kamfanin Currier & Ives burin mutane yake sayarwa: gida mai sabon fenti, shanu masu ƙiba, yara tsaf-tsaf, ko a tsakiyar hunturu ba wanda ya yi kama da mai jin yunwa. Masu bugun tagulla, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a New York a 1877, su kuwa abin da ya tsufa suke nema. Stephen Parrish ya zana gidajen katako na masunta a gaɓar Cape Ann ta jihar Massachusetts, a cunkushe bisa duwatsu, iskar teku ta cinye su. Mary Nimmo Moran, wadda ta fara wannan sana'a a 1879, takan fita da farantinta ta zana tafkuna da hanyoyin yashi na garin East Hampton da ke jihar New York a wurin da take tsaye, shi ya sa ginin da yanayin wurin suka fi zama abin dogaro a aikinta.

Sharaɗin shi ne, masu sayen waɗannan hotuna masu hali ne na Boston da Philadelphia da New York, waɗanda tsohuwar bukka ke ba su sha'awa daga nesa. Saboda haka mutanen gidan sukan fito ƙanana, wani lokaci ma babu su, kuma da wuya ka ga cikin ɗaki ko abin da ke kan wuta. Mai ƙaramin ƙarfi ya rataye hoton gidan wadata, mai kuɗi ya rataye na masunci. Idan rayuwar talakan birni kake nema, da cunkoson gidajen haya na baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, duka biyun ba kasafai suke leƙa can ba, sai dai ka nemi hotunan kyamara da ɗan jarida Jacob Riis ya wallafa a 1890.