Kayan jinya bayan tiyatar zuciya: wanne za a saya, wanne za a bari?

Duk abin da za ki saya kafin a sallamo maigida, ki auna shi da tambaya ɗaya: zai taimaka masa ya tashi ba tare da ya dogara da hannu ba? A tiyatar zuciya galibi ana raba ƙashin ƙirji biyu a ɗaure da waya, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, wani har 12. Kafin nan likitoci kan hana turawa, da jawowa, da ɗaga abin da ya wuce kilo 5. In uwargida aka yi wa aikin, maganar duk ɗaya ce.

Wurin kwana shi ne inda kuɗi ke zurarewa. Gadon asibiti yana da tsada, ga cin wuri, ga ƙarafunan gefe da ke sa majinyaci ya riƙa jawo kansa, abin da aka hana ke nan. In likita ya ce lallai, a nemi na haya. Kujerar nan mai kwantawa baya tana da daɗi a makonnin farko, amma ta hannu sai an sa ƙarfi kafin ta miƙe, ta lantarki kuwa in aka ɗauke wuta yana kishingiɗe, sai ki rasa yadda za ki tashe shi. In za ki saya, ki nemi mai batir. Ni dai na fi son matashi mai gangara, wanda ko mai katifa zai yanka miki daga soso mai tauri, a ɗora kan gadon da tsayinsa ya kai gwiwa. Katifar ƙasa kam a haƙura da ita tukuna.

Haka masai na tsuguno. Ba sai an fasa banɗaki ba, kujerar bahaya mai tsayi ta wadatar. Ki ƙara da kujerar roba mai ƙwari wadda ba ta zamewa: ɗaya ta wanka, ɗaya ta salla.

Na'urar awon jini iri biyu ce, ta dantse da ta wuyan hannu. Ki ɗauki ta dantse, ta fi faɗin gaskiya. Ki auna kaurin dantsensa kafin ki je kyamis, domin maɗaurin da aka saba sayarwa santimita 22 zuwa 32 ne, mai jiki sai na 22 zuwa 42. Wasu na'urorin, kamar na kamfanin Omron, suna nuna alama in bugun zuciya ya rikice, abin da kan sami kusan ɗaya cikin uku bayan wannan aiki. In an ciri jijiyar jini a hannu ɗaya don yin aikin, a auna a ɗayan.

Sikeli ba tsada, amma kada a raina shi. A hau kullum da safe. Ƙarin kilo 1 a kwana ɗaya ko 2 a mako na iya zama ruwa ne ke taruwa, sai a kira likita. Na'urar gwajin INR, wato awon saurin daskarewar jini, ta masu shan warfarin ce, maganin hana jini daskarewa, kuma tsinkenta ya fi ta cin kuɗi. In akwai ɗakin gwaji kusa, ki bar ta.

Jallabiya da babbar riga sai an ɗaga hannuwa sama, don haka a ɗinka riguna masu maɓalli a gaba. Matashin rungumewa lokacin tari, kowane ƙaramin filo zai yi. Ɗamarar ƙirji kuwa kada ki saya sai likitan da ya yi aikin ya ce a sa.