Walesa ko Havel: Wa Ya Fi Iya Riƙon Mulki?

Lech Walesa ma'aikacin lantarki ne a masana'antar jiragen ruwa ta birnin Gdansk a ƙasar Poland. A 1980 ya haura katanga ya shiga cikin masu yajin aiki, ya jagoranci ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc har gwamnatin gurguzu ta Poland ta durƙusa. Amma da ya hau mulki a 1990, sai rigima da abokan gwagwarmayarsa ta yi masa katutu, ya sha kaye a zaɓen 1995.

Vaclav Havel kuwa marubuci ne da ya sha ɗauri. Ya zama shugaban ƙasar Czechoslovakia, ya yi murabus a 1992 don ba ya son a raba ƙasar, sannan bayan an raba ta gida biyu ya mulki ɓangare ɗaya, Jamhuriyar Czech, shekara goma. Jarumtar Walesa tana burge ni matuƙa, amma a kujerar mulki Havel nake zaɓa.