Gidauniyar marayu ta unguwarmu a Zango, abin da na gani da idona

Jama'a salamu alaikum. Shekara 3 ke nan ina zuba ɗan taimakona a wata ƙaramar gidauniyar marayu nan Zango cikin Damagaram, jaka 2 duk wata, to jiya dai na ce bari in je in ga ina kuɗin ke shiga.

Wallahi sun burge ni. Hajiyar da ke riƙe da kes ɗin, wato asusun kuɗin, ba ta ɓata rai ba, ta ce zauna ɗana, ta jawo kaye babba duk gefensa ya naɗe don tsufa, kowace dala an rubuta ta, resi kuma an liƙe su shafi shafi, har na buhun hatsin da suka saya a Kasuwar Dole yana nan. Kuɗi ba sa fita daga banki sai da sa hannun mutum 2, wannan ya kwantar min da hankali sosai.

Amma ajiyar tasu ce ta tsaya min a rai gaskiya, Hajiya da kanta ta ce in taimako ya tsaya yau ba za su kai wata 2 ba, kuma mafi yawan kuɗin da azumi suke shigowa lokacin zakka, sai damina ta faɗi hatsi ya yi tsada asusu ya koma fayau, ga Oktoba na tafe da kuɗin kayan lakwal na yara. Na ba su shawara su dinga sayen hatsi da kaka suna ajewa, ta ce wurin ajiyar ne ba su da shi, ɗakin nasu yoyo yake. Ni dai daga wannan wata na ƙara jaka 1.