Kayan Dakta ta 13 na shagunan intanet: a sayi riga, a kai wa tela kwat

Shagunan intanet masu sayar da kayan kwaikwayon taurarin fim suna haɗa shigar Dakta ta 13 ta Doctor Who, shirin talabijin na BBC da 'yan wasa ke gadon juna a matsayin jaruminsa Dakta, a ƙunshi guda: doguwar kwat mai hula, riga mai gajeren hannu da ratsin bakan gizo a ƙirji, wando mai faɗin ƙafa, da maratayin wando ruwan ƙwai. Wasu kan ƙara safa. Takalmi da ɗan kunne galibi ba sa ciki, ko da kuwa an gan su a hoton talla, don haka a karanta jerin kayan kafin a biya. A ganinmu rigar da maratayin sun cancanci kuɗinsu, wandon yana gyaruwa, amma kwat ɗin, wadda ita ce rabin shigar, ita ce ta fi yawan ba da kunya.

Matsalar kwat ɗin tana da tarihi. A watan Yulin 2017 BBC ta sanar da cewa Jodie Whittaker ce za ta gaji Peter Capaldi ta zama Dakta ta 13, mace ta farko da ta ja ragamar shirin tun da aka fara shi a 1963. A watan Nuwamban shekarar aka saki hoton farko na kayanta, waɗanda Ray Holman ya tsara tare da ita. Shi ne dai ya yi wa Matt Smith shigarsa ta Dakta na 11. Cikakken zangon shirin bai fara ba sai 7 ga Oktoban 2018. Wata goma sha ɗaya ke nan masu ɗinki suna aiki da wannan hoton, wanda haskensa ya sa kwat ɗin ta yi kamar ruwan ƙasa mai haske. Da shirin ya fito sai aka ga ashe ruwan toka ce mai sirkin shuɗi, wani lokaci har ta ɗan yi shunayya gwargwadon fitilar wurin. Har yau ana cin karo da mai ruwan ƙasar a kasuwa, kuma duk wanda ya san shirin zai gane ta tun daga nesa.

Shi kansa hoton ya raba kan masoya. Wasu sun ce Mork suka gani, wato Robin Williams a tsohon shirin barkwancin Amurka Mork & Mindy, saboda maratayi da ratsin launuka. Masu kallon Star Trek suka tuno rigar Wesley Crusher mai ratsi a ƙirji. Akwai waɗanda suka ce shigar ta fi dacewa da mai gabatar da shirin yara. A ɗaya ɓangaren, mata da yawa sun yi murna da aka ba ta wando da takalmi mara tsini da aljihu, kayan da mutum zai iya gudu da su, ba matsattsun kaya na nuna jiki ba. Tsofaffin masoya kuma sun ga ratsin a matsayin gaisuwa ga dogon mayafin wuyan Tom Baker, Dakta na 4.

Mun kawo wannan ne don yana da alaƙa da abin da za a saya. Zargin cewa kayan na yara ne bai kama na ainihin sosai ba, domin launukansu masu sanyi ne kuma kwat ɗin mai nauyi tana danne su. Amma ya kama kwafin mai araha daram. Da zarar an sa ja da kore masu ƙyalli a ƙirji, aka ɗora kwat mara nauyi mai sheƙi, to duk abin da masu suka suka faɗa ya tabbata a jikin mai sanye da su. Araha ba ta ado.

Bayan launi, abu na biyu da ke kashe kwat ɗin shi ne yadi. Yawanci siririn yadin roba ake sa wa. Ta ainihin a buɗe ake sa ta kusan kullum, tana sauka har tsakiyar ƙwauri, kuma idan ana tafiya sai ta buɗe ta nuna shafinta mai shuɗi mai duhu. Siririn yadi ba ya yin haka. Manne wa ƙafa yake yi, gabansa ya nannaɗe waje, domin ba a manna masa gam ɗin tauri a bakin gaba ba. Hular ma sai ta kwanta a baya kamar tsumma maimakon ta zauna a kafaɗa. Ga zafi, domin roba ba ta shan gumi, ga shi ba ta son dutsen guga: ya ɗan yi zafi kaɗan sai ya bar tabo mai sheƙi wanda ba ya fita.

A duba shafin da kyau. Wasu shagunan ba sa sa cikakken shafi, sai su tsaya a hula da faɗin tafin hannu a bakin gaba, inda kyamara ke gani. A nemi mai shago ya turo hoton kwat ɗin a juye. Idan ya ƙi, amsar ke nan. Inda aka sa cikakke kuma, akwai haɗarin zuba: shuɗi mai duhu a jikin yadi mai haske. Kafin wankin farko a jiƙa farin ƙyalle a goga a shafin ta can ƙasa. In ƙyallen ya ɗauki launi, kada a jiƙa kwat ɗin a ruwa ko kaɗan, a kai wa masu wankin da ba na ruwa ba. Sai ratsin bakan gizo na bakin gaba. Ya kamata ya zauna ta ciki, a riƙa hango shi idan kwat ta motsa. Wasu kan ɗinka shi ɓaro-ɓaro a waje, wasu kuma su buga shi da fenti a kan yadin, ya fara tsagewa a inda ake yawan kamawa. Aljihu ma a zura hannu a gani, domin akwai na ado da ba su da jaka.

Ga mai tela na hannu, lissafin ba shi da wuya. Mai matsakaicin jiki zai buƙaci yadi 5 na yadin kwat mai faɗin inci 60, yadi 4 na shafi, yadi 1 na gam ɗin tauri, da yadi 3 zuwa 3 da rabi na kirtanin ratsi, gwargwadon tsawon mutum. A zaɓi yadin da ake ɗinka kwat da wando da shi, mai ɗan nauyi mara sheƙi. A wanke shafin shi kaɗai tun kafin a yanka, ya gama zubarsa da tsukewarsa. A ƙara inci 4 zuwa 5 a kan awon ƙirji, a manna gam a bakin gaba biyu da bakin hula, a yi kalmasar ƙasa mai faɗin inci 2 don ta ba kwat ɗin nauyin sauka. Shafin ya gaza yadin waje da inci 1, in ba haka ba zai leƙo. A bar tsaga a baya saboda tafiya. Kuma a kai wa tela hotuna uku ko huɗu da aka ɗauko daga cikin shirin, har da na hasken rana, kada a dogara da hoton 2017 shi kaɗai, kada kuma a zaɓi yadi a ƙarƙashin fitilar shago.

Rigar ciki ba ta da rigima sosai. Shuɗi ce mai duhu, ratsin ya ratsa ƙirji daga gefe zuwa gefe. An kuma ga mai launin ja mai duhu a cikin shirin, don haka wanda ya samu wannan bai yi kuskure ba. Abin dubawa shi ne yadda aka sa ratsin. Na roba da ake mannawa da zafi yana da kauri da santsi a hannu, kuma da yake a ƙirji yake inda yadi ke miƙewa, shi ne ke saurin fashewa. Wanda aka buga da tawada ta shiga zare ya fi daɗewa. Ko wanne ne, a juya rigar kafin a wanke da ruwan sanyi, kada a ɗora dutsen guga a kan ratsin.

Wandon shi ne mutane suka fi rainawa, alhali shi ke riƙe da fasalin shigar. Shuɗi ne mai sirkin kore, ƙugunsa yana hawa sama da cibiya, ƙafarsa mai faɗi tana tsayawa a ƙwauri, ta yadda za a ga safa mai ratsi tsakaninsa da bakin takalmi. Na shago yakan zo da tsawo ɗaya ga kowa. Ga gajeren mutum sai ya sauko idon sawu ya rufe safar, ga dogo kuma ya tsaya a gwiwa. Na farkon gyaransa sauƙi ne: a sa takalmin, a auna inci 2 zuwa 3 sama da bakinsa, a yanke a kalmasa. Na biyun ba shi da magani sai sabon ɗinki, yadi 2 da rabi ya isa. Shi ya sa in ana shakkar awo gara a ɗauki babba. Yawancin waɗannan shagunan suna amfani da awon Asiya, wanda ya fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, saboda haka a bi lambobin santimita da ke jadawalinsu, a manta da harafin M ko L. A lura kuma da ƙugu mai roba zalla: maratayi na jan sa sama, ya tattare, faɗin ƙafar ya karkace.

Maratayin yakan zo da maƙalin ƙarfe. Yana aiki, sai dai a kan siririn yadi yana zamewa idan an zauna, haƙoransa kuma suna cin bakin wando. Maɓalli 6 a cikin ƙugu, 4 a gaba 2 a baya, da maratayi mai kunnen fata, sun raba gardama. Launin ya zama ruwan ƙwai mai duhu, kada ya zama mai haske irin na rigar masu aikin titi.

Akwai kuma na halal. A 2018 kamfanin Her Universe ya fitar da kwat da riga da izinin BBC, aka sayar a shagunan Hot Topic na Amurka, har Whittaker ta fito da kanta a bikin nunin kayansu a Comic-Con, taron masoyan fina-finai da littattafan zane na San Diego, a shekarar. An yi su ne don sawar yau da kullum, ba don su zama kwafi zare da zare ba, kuma yanzu an fi samun su a hannun masu sayar da na hannu. Mai saye ya nemi hoton tambarin wuya da na shafi.

Ɗan kunnen aikin maƙerin Landan ne Alex Monroe: taurari a saman kunne, siririyar sarƙa, sannan hannaye biyu da suka riƙe juna a fatar kunne. Kwafinsa mai araha yakan yi baƙi da gumi, sarƙar kuma tana tsinkewa a mahaɗa, ga wasu ƙarfen na sa musu ƙaiƙayi. A nemi wanda aka rubuta azurfa 925 ko ƙarfe mara tsatsa. Takalmi kuwa ba sai an yi odarsa daga waje ba. Duk but na fata ruwan ƙasa mai igiya, mara tsini, wanda ya rufe idon sawu ya wadatar, kuma shi ya kamata a fara saye, domin da tsawonsa ake yanke wando, da tsawon wandon kuma ake yanke kwat.