Hattara da mai tallar tsofaffin mujallun gasar ƙanƙara a WhatsApp

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan masu tara kayan tarihi na Facebook da WhatsApp, inda ake cinikin tsofaffin kuɗi da kan sarki da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo. Hajarsa mujallun Amurka ne, Time da Life da Newsweek da Sports Illustrated, waɗanda ya ce sun ɗauko labarin gasar Olamfik ta hunturu tun daga farkonta. Wai gado ne wani kawunsa da ya yi aiki a ƙasar waje ya bari, kayan suna can wurin wani ɗan uwa, shi hotuna kawai ke hannunsa. Kada kowa ya tura masa ko sisi. Ɗan damfara ne, kuma jerin kayan da ya turo da hannunsa ne ya tona masa asiri.

Ba ya ce maka ka saya don karatu. Cewa yake jari ne: tunda gasar 2026 ta faɗa wa Milan da Cortina a Italiya, kuma Cortina ɗin ce ta karɓi ta 1956, wai Turawa za su yi rububin tsofaffin bugu, ka saya yau ka ninka kuɗinka gobe. Sai ka ba da rabi kafin alƙalami. Bayan kwana biyu kuɗin jirgi ya taso, daga nan kuɗin fito a kwastan, daga nan kuɗin takardar shaida. Kowane biya da lambar asusunsa daban, sunan da ke kai kuma ba nasa ba. Ka ce a nuna maka mujallar ta bidiyo ana buɗe shafukanta, sai ya ce sabis ba kyau. Cinikin biri a sama ke nan.

Abin da ya dogara da shi ɗaya ne: ya san wasan ƙanƙara ba wasanmu ba ne. Da cewa ya yi yana da jaridar da ta buga Najeriya ta ci kofin Afirka a 1970, ko yaron da ke kallon ƙwallo a gidan kallo zai ce masa sai 1980. Amma wa zai tsaya bin shekarun masu zamiya a kan dusar ƙanƙara? To ga su.

An fara gasar a Chamonix ta Faransa a 1924, sai St. Moritz a 1928, Lake Placid ta Amurka a 1932, sai Garmisch-Partenkirchen ta Jamus a Fabrairun 1936. Mutumin yana da Life mai hotunan gasar Jamus ɗin, har da jan akwatin nan mai farin rubutu a kusurwar bango. Life mai hotuna da wannan tambari ba ta fito ba sai 23 ga Nuwamba 1936, wata tara bayan kowa ya koma gida. Yana da Newsweek ta Lake Placid 1932, alhali a Fabrairun 1933 aka fara buga ta. Yana da Sports Illustrated ta Oslo 1952, mujallar da aka haifa a Agustan 1954. Time kuwa tana nan tun 1923, don haka bugun 1924 abu ne mai yiwuwa, sai dai nasa yana da jan layi kewaye da bango, adon da ba a soma yi mata ba sai 1927.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne bugun da ya kira mafi tsada, na gasar Sapporo ta 1940. Ba a yi wannan gasa ba. An ba Japan ita, ta janye a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya shafe ta 1940 da ta 1944 baki ɗaya, ba a dawo fage ba sai St. Moritz a 1948. Sapporo sai 1972 ta samu tata. Kuma a kan wata mujallar ta 1972 ɗin ya nuna sa hannun Sonja Henie, 'yar Norwe da ta ci zinare a rawar kan ƙanƙara sau uku a jere, 1928 da 1932 da 1936. Baiwar Allah ta mutu a 1969.

Don ya ja zuciyar 'yan gida, akwai hoton baƙaƙen fata huɗu da keken zamiya a Calgary 1988, ya ce 'yan Najeriya ne. 'Yan Jamaika ne. Najeriya ba ta je gasar hunturu ba sai 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, kuma mata ne suka je.

Ba duk abin da ya lissafa ne babu shi a duniya ba, a nan ne ma haɗarin yake. Sports Illustrated ta 3 ga Maris 1980, wadda ta biyo bayan nasarar matasan Amurka a kan Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3 a wasan hoki a Lake Placid, gaskiya ce kuma ana nemanta. Amma bangonta na asali hoton murnar 'yan wasa ne da sunan mujalla, babu kanun labari. Nasa an cika shi da manyan haruffa. Na jawo hoton a waya na duba: tsohon bugu ɗige-ɗige ne ƙanana a jere cikin tsari, nasa kuwa feshin tawadar firinta ne. Launin tsufan da ke jiki ya bi ko'ina daidai wa daida, irin na takardar da aka tsoma a ruwan shayi, alhali takarda daga gefe take soma yin ja. Wayar da aka ɗinke tsakiya da ita tana ƙyalli, babu tsatsa ko kaɗan. A wata mujallar da ya ce ta gasar Squaw Valley ta 1960 ce, takardar adireshin da aka manna tana ɗauke da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, tsarin da Amurka ta shigo da shi a 1963. Wata ta 1964 har da zanen layukan nan da na'urar kanti ke karantawa, abin da bai shiga kasuwa ba sai 1974.

Ko da na gaske ne, maganar jari ba ta tashi ba. A shekarun 1960 miliyoyin kwafi Life take bugawa kowane mako, kuma gidaje da yawa a Amurka sun adana nasu. Abin da ke jibge haka ba ya mayar da kowa attajiri.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko da an ce saura biya ɗaya kaya su fito. Ya ɗauki hoton hirarsu da shaidar biya tun kafin mutumin ya goge, ya je bankinsa yau ya shigar da ƙorafi a kan asusun da kuɗin suka faɗa, sannan ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Masu kula da zauruka kuma ku lura, yana sauya suna da lambar waya, amma hotunan da labarin kawun ba sa sauyawa.