Horseshoe Curve ko Tehachapi Loop: ina za a kai kyamara a watan Oktoba?

Wani ƙanenmu da ke zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, ya kawo tambaya. Ya sayi kyamara, sha'awar ɗaukar hoton jiragen ƙasa na kaya ta kama shi, yana da hutun 'yan kwanaki a watan Oktoba, kuma wurare biyu yake ta jin masu wannan harka suna ambata: Horseshoe Curve a jihar Pensilbaniya da Tehachapi Loop a Kalifoniya. Wanne zai nufa?

Ƙanena, in dai Oktoba ce, Pensilbaniya za ka je. Amma ba don Horseshoe Curve ya fi Tehachapi daɗin ɗauka ba, don bai fi shi ba. Bari in jera maka su ka gani.

Matsala ɗaya ce ta haifi wuraren biyu. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsayi kai tsaye, dole a tsawaita masa hanya ya hau a hankali. A Pensilbaniya, kamfanin Pennsylvania Railroad yana son ƙetare duwatsun Allegheny daga Altoona zuwa Pittsburgh, sai injiniya J. Edgar Thomson ya lanƙwasa layin dogon ya bi gefen kwari, ya juya kusan digiri 220, ya dawo ta ɗaya gefen yana hawa. An buɗe shi ranar 15 ga Fabrairu, 1854, bayan leburori, yawancinsu 'yan ƙasar Ailan, sun haƙa shi da diga da shebur. Tsawon lanƙwasar ya ɗan haura mita 700, faɗinta kuma kimanin mita 400. A Kalifoniya kuwa, injiniya William Hood na kamfanin Southern Pacific ya wuce nan: ya sa layin ya zagaya wani tudu ya rufe da'ira cif, ya bi ta saman kansa. Leburori 'yan ƙasar Sin ne suka yi aikin, aka gama a 1876. Da'irar ta kai kimanin mita 1,150, kuma a cikinta jirgi yana ƙara tsayin mita 23. Duk jirgin da tsawonsa ya haura mita 1,200, kansa zai ratsa ta saman wutsiyarsa da ke fitowa daga ramin da ke ƙasa. Jiragen kayan Amurka na yanzu kuwa da yawansu sun ninka hakan.

To ga inda suka rabu ga mai kyamara.

A Tehachapi kana tsaye ne a waje, a kan tudu, a gefen titin Woodford-Tehachapi, da'irar tana shimfiɗe a ƙasanka. Hoto ɗaya zai ɗauke jirgin gaba ɗayansa, kai da tsakiya da wutsiya, kuma duk wanda ka nuna wa hoton zai gane abin da yake gani ba sai ka yi bayani ba. Rana tana bayanka mafi yawan yini. An gina dandalin kallo a wurin a 2021, ba a biyan ko sisi, ba kuma lokacin rufewa.

A Horseshoe Curve kana ciki ne. Filin kallon yana tsakiyar lanƙwasar, dab da dogo, jirgi yana zagaye ka ta dama da gaba da hagu. Kunne da ƙirji suna morewa, don injuna na gurnani a kan hawa, ƙafafun taragu na ƙara mai tsini a kan ƙarfe, ƙasa na girgiza. Sai dai kyamara ba ta iya haɗiye abin da ya kewaye ka. Ko ka sa wa kyamarar gilashi mai ɗauko faɗi, yanki kawai za ka samu, kuma hoton da ka gani a intanet wanda ya nuna lanƙwasar duka daga sama aka ɗauke shi. Mutane da yawa kan sauko daga can da ɗan sanyin jiki saboda wannan. Akwai kuɗin shiga, akwai lokacin buɗewa da na rufewa, ba kuma kullum ake buɗewa ba, don haka ka duba kafin ka tashi. Daga wurin ajiye motoci matakala 194 ce zuwa sama. Akwai ƙaramin keken da igiya ke ja a gefen matakalar, amma kada ka dogara da shi, ka shirya wa ƙafarka.

Me ya sa duk da haka na ce Pensilbaniya? Launi. Kaka a duwatsun Allegheny wata aba ce daban. Wajen tsakiyar Oktoba ganyen itatuwan gangaren nan yana juyawa ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, dutse guda kamar an kunna masa wuta, kuma ba ya daɗewa. Iska ɗaya mai ƙarfi da ruwan sama a ƙarshen wata sun isa su kakkaɓe shi, a bar ka da rassa tsirara har bazara. Ranar da launin ke kai ƙarshen kyansa tana matsawa gaba ko baya daga shekara zuwa shekara, kuma kan dutse yana riga kwari juyawa. Tehachapi a Oktoba kuwa ta sha rani ta ƙoshi. Ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, itatuwa jefi-jefi, kamar tuddan hanyar Jos a watan Disamba. Tana da nata kyau, musamman da hasken la'asar, amma in hoton kaka kake nema, babu abin da zai nuna wa mai kallo cewa ba a watan Agusta ka ɗauka ba. Lokacin Tehachapi shi ne Maris da Afrilu, bayan ruwan hunturu, sa'ad da tuddan suka yi kore shar.

Launin jiragen ma yana shiga lissafi, kuma sababbin shiga ba sa tuna wannan sai sun dawo gida. Layin Horseshoe Curve na Norfolk Southern ne yanzu, injunansu baƙaƙe ne wuluk, da hoton doki fari a goshi. Baƙin inji a gaban jan ganye yana fitowa ƙwarai in rana na dukansa. In kuwa yana cikin inuwar dutse, kyamara za ta auna hasken ganyen ta bar maka inji kamar gawayi, ba fitila ba lamba. Shi ya sa safiya ta fi a can: lanƙwasar tana buɗe ne ta gabas, hasken hantsi yana shiga har cikinta, da rana ta karkata kuma dutsen yamma ya rufe ta tun kafin magariba ta kusa. Wani abin da ke sa masu harkar zama a gefen wannan layi shi ne injuna 20 da Norfolk Southern ya yi wa fentin tsofaffin kamfanonin da ya gada, a 2012, lokacin cikarsa shekara 30. Akwai mai jan fentin Pennsylvania Railroad, akwai mai shuɗin fentin kamfanin Conrail. In Allah ya haɗa ka da ɗaya a gaban jirgi a ranar da ganye ya nuna, to ka ci riba.

A Tehachapi layin na Union Pacific ne tun da ya haɗiye Southern Pacific a 1996, amma kamfanin jiragen kaya na BNSF ma yana da haƙƙin bi, haƙƙin da ya gada daga tsohon kamfanin Santa Fe. Injunan Union Pacific rawaya ne da toka-toka, kuma a kan busasshiyar ciyawar Oktoba sai su nemi sajewa da tudu. Na BNSF masu ruwan lemo sun fi tsayawa a ido.

Yanzu shawarar da ta fi muhimmanci: kada ka ƙarar da yininka a Horseshoe Curve kansa. Ka ba shi safiya, sannan ka bi layin zuwa yamma da mota. A saman dutsen akwai garin Gallitzin, inda jirage ke fitowa daga ramukan da aka huda a ƙarƙashin garin, kuma akwai gada da ɗan filin shaƙatawa da ke kallon bakin ramin kai tsaye. Gaba kaɗan Cresson, mai dandalin kallo a gefen dogo. Sai Cassandra, wadda a ganina ta fi su duka a kaka: tsohuwar gada ce ta masu tafiya da ƙafa a kan layin, ta gefe ɗaya dogo ya miƙe ɗoɗar har inda ido ya tsaya, ta ɗaya gefen ya lanƙwasa cikin dutsen da aka yanka, itatuwa dama da hagu. A nan ne gilashi mai jawo nesa yake aikinsa, don yana matse dogon jirgin kwantenoni masu hawa biyu ya dunƙule shi cikin ganye. Duk waɗannan wurare suna kusa da juna, kuma tunda jirgin da ke hawa ba ya sauri, kana iya ɗaukarsa a wuri ɗaya ka riga shi zuwa na gaba. A Tehachapi ma ana yin haka, ta Caliente da Bealville da ke ƙasan dutsen, sai dai filaye da yawa a gefen layin na masu kiwo ne, an kewaye su da waya.

Jirgin kaya ba shi da jadawalin da ake bugawa, a can da nan. Kana iya zama sa'a biyu ba motsi, sannan uku su zo a jere. Horseshoe Curve layi uku ne, har 1981 ma huɗu ne, don haka ana samun jirage biyu su haɗu a gabanka, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. A Tehachapi wurare da dama layi ɗaya ne, jirage na jiran juna, kuma ranar da ma'aikata suka rufe layi don gyara sai dai ka ɗauki shanu. Masu harkar suna riƙe ƙaramar rediyo da ke kama zangon megahaz 160 zuwa 161, inda direbobi ke magana da masu ba da hanya. Kuma kada ka sauke kyamara da zarar kan jirgi ya wuce, don a duka wuraren akan sa ƙarin injuna a tsakiya ko a baya suna turi. Saurin ƙiftawar kyamara 1/500 na daƙiƙa ya isa ga jirgi mai hawa, a miƙaƙƙen layin Cassandra kuwa ka kai 1/1000.

Batun tafiya ba sai na ja ba. Daga Niyok zuwa Altoona kamar sa'a biyar ne a mota, kuma jirgin fasinja na Amtrak mai suna Pennsylvanian yana tashi daga Niyok ya tsaya a Altoona, ya bi ta lanƙwasar kanta in zai wuce Pittsburgh. Tehachapi sai ka hau jirgin sama zuwa Los Angeles, ka yi hayar mota, ka ƙara kamar sa'a biyu. Jirgin fasinja ba ya bin da'irar, sai in an karkatar da shi saboda gyara a wani layi.

Dogo da gefensa mallakar kamfani ne, shiga laifi ne, kuma suna da 'yan sandansu. Ka tsaya a dandali ko gada ko titin gwamnati, aƙalla mita 5 daga ƙarfe. Ni da kai mun san baƙar fata da kyamara a ƙaramin gari yakan ja ido, don haka ka riƙe katin shaidarka, wanda ya tambaye ka ka amsa da sakin fuska, ka nuna masa hotunan. A dandalan da na lissafa an saba ganin masu kyamara, ba wanda zai yi mamaki. In ka shiga ciyawa a Pensilbaniya ka duba jikinka da dare saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme kuma jihar na cikin waɗanda abin ya fi yawa. Oktoba kuma lokacin farautar barewa da kwari da baka ne a can, kada ka kutsa daji neman wani kusurwa. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safar hannu da ƙarin batir, don sanyin safiya a Gallitzin ya fi na Bronx nesa ba kusa ba, kuma yana shanye batir da wuri. Masauki kuma ka kama tun yanzu, don ƙarshen makon da ganye ya nuna ba masu ɗaukar hoton jirgi kaɗai ke cika yankin ba.