Littafin da na saya a Babbar Kasuwar Birnin Kebbi

Shekara 26 na yi ina aikin gandiroba kafin in yi ritaya. Shi ya sa da wani yaro mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a Babbar Kasuwa ya ce mini, "Baba, ga na wani da ya tsere daga kurkuku," ban ja ciniki ba. Ya sa naira 3,000, na taya 2,000, muka shirya a 2,500.

Sunan littafin The Thinking Machine. Jacques Futrelle ne ya rubuta shi, ɗan jaridar Amurka da aka haifa a jihar Jojiya a 1875. Gajerun labaran bincike ne, kuma tauraronsu Farfesa Van Dusen, ɗan siririn mutum mai ƙaton kai da saurin fushi, wanda ya ɗauka babu ƙullin da hankali ba zai kwance ba.

Labarin ɗaki mai lamba 13 shi ya hana ni barci. A jaridar Boston American ya fara fitowa kashi-kashi a 1905. Farfesan ya sha alwashi a kulle shi a ɗakin masu jiran kisa, zai fito cikin mako guda. Abu uku kawai ya roƙa: hodar goge haƙori, dala 25, da a goge masa takalmi. Yana shiga sai ya zuba wa ɓeraye ido. Ta ina suke zuwa, ta ina suke ɓacewa? Nan ya gano tsohon bututun ruwa da kowa ya manta da shi. Ya warware zaren safarsa, ya mai da man takalmin tawada.

Wallahi a nan na ajiye littafin na yi shiru. Mu ma'aikata kwaɗo da ƙyaure muke dubawa, mu ƙirga kawuna safe da yamma. Ɗaurarre kuwa yana da yini guda cur na kallon bango. Na taɓa ganin wanda ya haddace takun kowane ɗayanmu, tun kafin ka sha kwana zai kira sunanka. Futrelle ya san wannan, bai kuma mai da shugaban kurkukun wawa ba. Mutum ne mai ƙwazo, sai dai idonsa na kan ƙofa.

Inda ban gamsu ba shi ne batun ruwan asid da ya cinye ƙarafunan taga. Masu sintirin dare fa, ba su da hanci? Sauran labaran kuma ba su kamo ƙafar wannan ba, wasu tun a tsakiya na gane mai laifin.

Takardar ta yi ja, rubutun ƙanana ne, sai da tabarau. Shafi biyu na ƙarshe sun ɓalle, amma yaron ya nuna mini kafin in biya, ya kuma liƙe da gam a gabana. Wannan gaskiyar tasa za ta sa in koma. Turancin na da ne, jikata 'yar aji shida ta sakandare sai da ta riƙa duba ƙamus.

Futrelle yana cikin jirgin ruwan Titanic da ya nutse a watan Afrilun 1912. Ya sa matarsa May a kwale-kwalen ceto, shi ya tsaya. Shekararsa 37. Na bar wa yaron sallahu, in wani littafin Futrelle ya shigo a buhun kaya, ya ajiye mini.